Yadda Ake Kiwon Kaji a Gidan da Ka Malale da Siminti

Ka bi matakan nan shida, na ba ka tabbacin za ka ci ƙwan gidanka kafin wata ya ƙare. A wurin maƙwabcina na koye su, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya shafe tsakar gidansa da siminti, yana cika bakin ya rabu da taɓo har abada. Ƙasar da ta tsira ɗan tsiri ce a gindin famfo, ba ta fi faɗin ƙofa ba. A nan matarsa ta dasa lemon da mahaifinta ya ba ta kafin ya rasu.

1. Kada ka yi shawara

Shawara tana sanyaya gwiwa. Ka sayo kaji shida, ka shigo da su kana fara'a. Da matar Injiniya ta ce, "Baban yara, a ina za su yi tono?" ko ɗar bai yi ba, ya ce, "Kajin zamani ne, sun daina tono." Ka haddace amsar nan, amma ka faɗe ta a hankali, kada kajin su ji.

2. Ka ba su lokaci su saba

Za su yi ta kartar siminti suna kallonka kamar ka ci amanarsu. Ka daure. Na Injiniya sun saba cikin awa biyu: gaba ɗayansu suka tare a gindin lemo.

3. Ka yi musu ƙasa tasu

Ka cika tsohon baho da yashi, ka durƙusa ka nuna musu yadda ake birgima. Injiniya ya yi, ina leƙe ta katanga. Kaji ko kallo bai ishe su ba. Kyanwata ce kaɗai ta gane amfanin bahon, har yau kuma tana godiya.

4. Ka yi shinge, sannan ka zama shingen

Tsohon gidan sauro da kujeru biyu sun isa. A nan za ka gano cewa kaza tana tashi sama idan ta ga dama. Sai ka ɗauki tsintsiya ka zauna gadi. In ka makara, ka ce wa shugabanka a wurin aiki harkar gona ce ta riƙe ka.

5. Idan ɓarna ta auku, ka nemi wanda za ka ɗora wa

Ranar da Injiniya ya je aski, ya dawo ya tarar wata jar kaza ta baje a cikin ramin da ta tona, saiwar lemo duk a waje. Ya shirya ɗora wa iska laifi, yana jiran faɗa. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa tana mayar da ƙasa da tafin hannu, ta ce, "Da hannunsa Baba ya miƙo mini shi." Wannan matakin ba ya aiki, ka tsallake shi.

6. Ka aro guduma

Kwana biyu Injiniya yana fasa simintin da ya yi shekara yana nuna wa baƙi, don kaji su sami nasu su ƙyale lemo. Da ya gama, hannunsa duk ya yi kanta, matar ta damƙi ƙasar ta murza ta ce, "Kai, ashe ƙasa mai kyau ka binne mana!" Washegari ta shuke wurin da tumatir, ta kewaye shi da waya tare da lemon, wanda ya soma sabon toho. Kaji suna nan kan ragowar siminti suna kallon Injiniya, shi kuma yana kallon guduma. Ƙwai dai an samu guda ɗaya, a cikin takalminsa.

Gargaɗi: duk abin da ya sami simintinka, ko bayanka, ko zaman lafiyar gidanka, babu ruwana, ban ma san ka ba. Gudumar dai tawa ce, a dawo mini da ita.