Rasuwar Madam Beljiyam, Mai Sa wa Matattu Kwat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa mai ƙaiƙayin danna abin da ba ya motsi, ni Ya'akubu mai hoto na titin Makurɗi, nan Lafiya, a madadin kaina da sauran kayan shagona, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da kwastomomi rasuwar kwamfutata, Madam Beljiyam. Ta cika ranar Alhamis, 12 ga Maris, 2009, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki. Ta tafi da hoton Baba Ugondo a cikinta, saura kwana biyu a binne shi, kuma a iya sanina a lokacin babu wani hotonsa a duniya in ba wannan ba. Zan zo kan maganar Baba, amma bari in fara ba mamaciya haƙƙinta.

Ba mu san shekarunta na gaskiya ba, domin 'yar gwanjon Turai ce, irin kayan da ake kira Beljiyam. Na ɗauko ta daga Legas a shekarar 2003, na rungume ta a cinya tun daga tasha har Lafiya, don ban yarda a ɗaure ta a bayan mota tare da buhunan gari ba. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa wata tsohuwa ce a Turai ta kunna ta sau uku ta ajiye. Da muka buɗe cikinta sai muka tarar da hotunan wani kare yana wasa cikin ƙanƙara, sun fi ɗari biyu. Ban taɓa goge ko ɗaya ba, domin amanar wani ce, kuma wa ya sani ko mai karen zai biyo sawu.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma ta koya wa duk wanda ya zauna da ita haƙuri ko yana so ko ba ya so. In na danna mata da safe sai ta ce "kirrr", ta yi shiru kamar tana tunanin ko ta tashi ko ta koma, sannan ta ce "ƙat-ƙat-ƙat". Kafin ta kai ga waƙarta ta buɗe ido, "tan-tan-taraan", na tsallaka titi na sayi ƙosai na ci, na wanke hannu. Ba ta taɓa tashi da gaggawa don gwamna zai wuce ba. Wanda ya zo ɗaukar fasfo yana cewa motar Abuja na jiransa, Madam kan nuna masa cewa Abuja ba ta gudu.

Ba ta da ƙarya a bakinta, sai wadda na sa ta. Wannan kam na sa ta da yawa, Allah ya yafe mana mu biyu. Ta share ƙurajen 'yan makaranta, ta cike giɓin haƙora, ta rage wa alhazai tumbi ta ƙara wa angwaye tsawo. Mutumin da bai taɓa wuce Akwanga ba ta tsayar da shi a gindin jirgin sama da jaka a hannu. Akwai matar da ta kawo hoton bikinta ta ce a cire mata ƙawar da suka ɓata, Madam ta cire ƙawar ta dasa tukunyar fulawa a wurin, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Amma aikin da aka fi saninta da shi shi ne kwat. Kun san al'adarmu a nan: in babban mutum ya rasu, sai an buga fosta an liƙa a gari, an kuma yi babban hoto a firem wanda jika za ta riƙe ta shige gaban akwati. Iyayenmu kuwa manoma ne, yawancinsu ba su tsaya gaban kyamara da kayan kirki ba. To, Madam tana da kwat guda ɗaya, shuɗi mai duhu, da jan taye da biro a aljihu, wanda na kwafo daga kalandar wani tela. Sai a yanko kan mamaci a ɗora a wuyan kwat, shi ke nan, Baba ya zama darakta. Daga Shabu har Obi, ban san adadin dattawan da suka tafi kabari cikin wannan kwat ba. Akwai Asabar ɗin da fosta uku suka haɗu a bango ɗaya kusa da kasuwa, mutum uku, kwat ɗaya, biro ɗaya. Har wani ya tare ni yana tambaya ko 'yan ƙungiya ɗaya ne suka yi haɗari.

Ranar Litinin ta makon rasuwarta, wani mai suna Sesugh, ma'aikaci ne a Abuja, ya shigo shago da mahaifiyarsa, Mama Ngunan. Sun zo ne kan hoton mahaifinsa, Baba Ugondo, manomin doya a wani ƙauye bayan Obi, wanda za a binne ranar Asabar. Mama ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan hoto da bai fi tafin hannu ba, ya karye a tsakiya. Wani mai hoton yawo ne ya ɗauke shi ranar kasuwa shekaru goma sha biyu da suka wuce. Baba na tsaye cikin singileti mai huji, da tabon fartanya a goshi, ya saɓa wata doya a kafaɗa wadda ta kusa kai jinjiri girma, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Sesugh ya ce manyan oganninsa za su zo daga Abuja, ba zai yiwu su ga ubansa haka ba. "Oga Yakubu, ka sa masa kot, ka gyara fuskan. In ka gama ka yar da wannan, abin kunya ne." Na ce an gama. Ni da Madam muka duƙufa. Muka cire doya, muka cire singileti, muka shafe tabo, muka dasa haƙori, muka ɗan haska fata. Ranar Laraba suka dawo dubawa. Sesugh ya ga ubansa cikin kwat da biro ya ce yauwa. Mama ta matso da fuskarta kusa da gilashi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mutumin nan yana da kyau. Allah ya jiƙansa, ko shi waye." Muka yi dariya ni da ɗanta. Ita ba ta yi ba, kuma na ga ba ta yi ba, amma na ce su dawo Juma'a su karɓa.

Game da jinya, gaskiya ta daɗe tana fama. Tun bara fankar cikinta ta tsaya, na cire mata murfin gefe na kafa mata fankar ƙasa, ni ina gumi ita tana shan iska. Zafin Maris na garin nan kuwa ba ya tausayin baƙo, balle wadda aka haifa cikin ƙanƙara. Likitanta, Muntaka mai gyara, ya sha ce mini in riƙa kwashe aikin mutane ina zubawa a faifai, domin cikinta ya tsufa. Kullum sai in ce gobe. Na sayi faya-fayan ma, suna nan cikin ledarsu ban ɓare ba.

Ranar Alhamis na buɗe hoton Baba zan buga. Sai ta ce "tik... tik... tik", wani sauti da ban taɓa ji a bakinta ba. Fuskarta ta koma shuɗiya da rubutu fari. Na kashe na kunna, na bubbuga gefenta yadda take so, na hura mata iska da baki. Ta ce "tik" sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Na naɗe ta da tawul na hau acaɓa zuwa wurin Muntaka. Ya buɗe, ya kara kunnensa, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce abin da take ajiye aiki a cikinsa ya mutu murus, ko Legas aka kai sai dai a ci kuɗin mota.

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba kwamfutar nake tunani ba, Allah ya sani, ɗan hoton nan nake tunani. An ce in yar, kuma na san halina, abin da aka ce in yar ba ya kwana. Na zazzage kwandon shara a tsakar shago. Na bi bolar bayan layi ina tonawa da sanda, mai sayar da lemo tana kallona tana girgiza kai. Babu. Tsohuwa ta ɗaure abu a bakin zani shekara goma sha biyu, ta kawo mini, ni kuma na salwantar cikin kwana uku. Jikar Baba za ta shige gaban akwati hannu wofi, kuma duk ƙauyen za su san wane ne ya jawo.

Da safiyar Juma'a Mama Ngunan ta iso ita kaɗai, ɗanta yana can wurin karɓar gawa. Na ba ta kujera, na tsaya ina neman ta inda zan fara. Don in sami abin yi da hannuna sai na ɗaga murfin sikana, wato na'urar da ke kwafe hoto ta tura wa Madam. Ga Baba Ugondo kwance rub da ciki a kan gilashi, inda na manta shi tun Litinin. Shekara shida kwastomomi na zagina kan wannan mantuwar, ranar nan kuwa na kusa durƙusa mata.

Na gaya wa Mama gaskiya duka: kwamfuta ta mutu, kwat ya tafi da ita, amma akwai wani shago a titin Jos da ke da nasu kwat, in ta jira zan garzaya. Ta karɓi ɗan hoton ta shafe shi da bakin zani. Ta ce, "Ɗana, wancan na ranar Laraba, ina ka kai doyan?" Na ce na cire. Ta ce, "Da doyan nan Sesugh ya yi makaranta. Ka bar kot. Ka sa wannan ya yi babba."

Haka na yi, irin yadda muke yi kafin zuwan Madam. Na manna hoton a bango inda rana ke faɗowa, na ɗauke shi da kyamara, na kai wurin wankin hoto aka buga babba. Ya fito da ɗan dishi-dishi, karyewar tsakiya ta ratsa ƙirjin Baba, hujin singileti ya zama kamar kwabo. Ban taɓa ba da aiki mai muni haka ba, kuma na bi shi har Obi ranar Asabar don in karɓi zagina da kaina.

Sesugh ya gani ya haɗe rai, ya ja ni gefe zai fara. Sai jikar ta ɗaga firem ta fito fili. Tsofaffin ƙauyen suka miƙe, wata ta nuna tabon goshin tana ba da labarin ranar da ya same shi, wani ya ce shi ya taya Baba haƙo doyar nan. Kuka ya ɓarke, dariya na biye. Sesugh ya saki rigata ya je ya tsaya gaban hoton. Ɗaya daga cikin oganninsa ya tambaye shi ko mahaifin nasa ke nan, Sesugh ya ce shi ne, ya juya baya yana share ido. Daga baya ya aiko a buga masa ƙarami na teburin ofis, ya ce kada in taɓa komai.

Don haka ba na riƙe Madam da laifin tafiya ba sallama. Shekara shida tana yin abin da na sa ta, ranar ƙarshe ce kaɗai ta ƙi, kuma ita ce ta fi ni gaskiya.

Ta rasu ta bar sikana, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ta bar firinta mai ciwon cin takarda, da monita mai ƙaton ƙeya wanda har yau yake zaune yana kallon ƙofa. Ta bar kibod da harafi biyu suka goge, da maus wanda ƙwallon cikinsa ke buƙatar wanka duk Juma'a. Ta bar janareta, abokin zamanta, da fankar ƙasa da ta yi jinyarta. Ta bar faya-fayai ashirin da ba su san komai ba. Karen ƙanƙara ya bi ta, haka ma kwat da biro, muna kuma ba iyalan dattawan da ba su riga sun sa shi ba haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, 21 ga Maris, da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauko gawa daga shagon Muntaka cikin keke mai ƙafa uku, a bi da ita titin Makurɗi a hankali yadda ta saba, a ajiye ta a ƙarƙashin benci a ɗakin baya. Muntaka ya nemi a ba shi wasu sassan jikinta don taimakon marasa lafiya, iyali sun amince. Za a yi zaman makoki a ƙofar shago, akwai sakwara, domin Mama Ngunan ta aiko da doya biyar daga rumbun Baba, za mu daka huɗu. Masu zuwa ta'aziyya su zo da fuskarsu ta gida, babu mai gyarawa.

Za ku lura babu hoton marigayiya a wannan sanarwa. Na duba ko'ina, ashe duk shekarun nan ban taɓa juya kyamara na ɗauke ta ba. Da Mama Ngunan ta ji, ta tambaya to me za a riƙe a gaban gawa. Na ce babu. Ta ce a ajiye mata doya ta biyar, ita za ta shige gaba.