Motar da Ba Ta San Baya Ba

Lokacin da kuɗin fetur ya cika gari na sayi sabuwar mota, ko ledar kujerun ban cire ba. Na koyi tuƙi a filin ƙwallon Fagge, amma na ce koyon ribas ɓata lokaci ne. Mai sabuwar mota me zai nema a baya?

Na ɗauko surukina, Baba Alhaji, da abokina Okoro na Sabon Gari, muka nufi dam ɗin Tiga yawon buɗe ido. Muka tsaya kallon marina a Kura, muka tsaya shan fura, ko'ina sai in faka inda zan wuce gaba abina.

A Tiga na kai mu har bakin ruwa, hanya ta ƙare.

Baba ya ce, "To, yi baya mana."

Na murɗa giya, mota ta ƙara zabura gaba. Okoro ya kurma ihu, "Ni fa ban iya ruwa ba!"

Ƙarshe surukina guda ya naɗe babbar riga, shi da Okoro suka tura motar baya, ni ina ciki rungume da sitiyari.

Har Baba ya rasu, duk ranar da na gaishe shi na fara ja da baya zan fita, sai ya ce, "Dakata, a kira Okoro tukuna."