Dakuwar da Na Ci a Tamaske

Har muka shiga Tamaske, ni ne malami a tafiyar nan. Na samu konje, wato hutun aiki, na ɗauko matata Hadiza a moto daga Maradi don ta ga Adar, ta ɗanɗani abincinta. Duwatsu jajaye suna wucewa a hankali, lambunan albasa sun yi kore shar a cikin kwari, ita kuwa ta jingina kai a bayana tana saurarena. Sau ɗaya na taɓa ratsa yankin, amma ina bayani kamar nan aka binne cibiyata.

A kasuwa na hango wata tsohuwa da curi-curi baƙaƙe a faifai.

"Dakuwar Adarawa ke nan," na ce wa Hadiza. "Ta fi tamu nesa ba kusa ba."

Na ɗauki babba, na lumshe ido, na gatsa. Ɗaci da warin albasa suka hau mini har ƙwaƙwalwa. Don kada in ji kunya, na ci gaba da tauna, hawaye na zuba.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Ɗana, mi kaka yi? Wanga gabu na! Ganyen albasa na da munka daka munka shanya, miya aka sa ma shi!"

Hadiza ta durƙushe don dariya, masu tumatir suka taya ta.

Har yau, in ta ɗora tukunya, sai ta leƙo da gabu a hannu ta ce, "Maigida, in sa a miya, ko in aje maka na shan shayi?"