Bijimin Gidan Tarihi

Shekara talatin ina dillancin shanu a karar Potiskum. Don haka ranar da na kai surukina gidan tarihi, muka ga wani ƙaton ƙoƙon kai cikin gilashi, ban tsaya karanta takardarsa ba. Na gyara hula na ce, "Baba, wannan bijimi ne, bokolo, ɗan shekara bakwai. Haƙora ba sa yi mini ƙarya."

Baba ya sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar wurin ta matso, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Alhaji, dorina ce."

Mutum ɗaya tak Baba ya faɗa wa. Har yau in na yi wa sa kuɗi, sai wani ya ce, "Alhaji, sake dubawa, ko na ruwa ne!"