Ranar da na kori tsohon Python

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, na zama injiniyan wata Islamiyya a unguwar Koki, don ni kaɗai na iya taɓa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye sakamakon ɗalibai. Ranar rabon sakamako na ɗora mata sabon Python, harshen kwamfuta da manhajarmu ta fitar da sakamako ke aiki da shi. Sai na hango tsohon yana nan zaune. Na ce wannan ai cin wuri ne kawai. Da yatsa ɗaya na goge shi, har ina gyara zaman hula.

Ashe a kan tsohon aka gina manhajar. Ta ƙi tashi ƙememe, ga iyaye cike da zaure suna jira.

Shugaban makarantar ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato jika ya iso, sai ka kori kakan daga gida?" Zauren ya kwashe da dariya.

Kwana biyu malamai suna rubuta sakamako da biro, ni ina lallaɓo tsohon. Yau gemuna duk furfura, amma ko ɗaurin aure na shiga, sai wani ya ɗaga murya: "A ɓoye dattawa, ga injiniya nan!"