Azarar Tabawa

A wani daji da kowace dabba ke da katanga amma ƙalilan ne ke da rufi, akwai wata bushiya mai suna Tabawa. Ta yi rani tana kwaɓa laka da hannunta har ginin ɗakinta ya kai linta, wato saman ƙofa. Azara kaɗai ta rage mata, ga 'ya'ya ƙanana, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

A dajin nan doka ce: duk azarar da Giwa ta faso daga giginya sai ta kwana a rumbun Hajiya Gara, shugabar Hukumar Tabbatar da Ingancin Katako, an ɗanɗana ta kafin a sayar. Da yake hukumar ba ta wasa da aikinta, yawancin azarar kan fito da rami a ciki, sai a ce ta faɗi jarrabawa. Wadda ta tsira kuwa, farashinta sai mai ƙarfin zuciya ya tambaya.

Don haka Tabawa ta tafi taron shekara na Majalisar Magina a gindin kuka, ta zauna can baya.

Farfesa Mujiya, masaniyar tattalin arziki, ta gyara tabarau ta ce, "Ya ku masu girma, bincikenmu ya nuna farashin azara bai tashi ba, ya dai koma inda ya kamata ya kasance ne tun farko. Game da baɗi kuwa, muna hasashen zai sauka. In bai sauka ba, zai tsaya. In bai tsaya ba, to zai ci gaba da abin da ya saba."

Aka yi tafi. Tabawa ta ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Farfesa, bara ma an ce mu jira, na jira. Ni ba azara nake roƙo ba yanzu. Izini nake nema in yi jinkar ciyawa, in sa yara a inuwa kafin ruwa ya sauko."

Alhaji Dila, babban ɗan kwangila, ya miƙe yana kaɗa babbar riga. "Haba Tabawa! Jinka? A wannan zamani? Masu zuba jari za su zo daga wasu dazuzzuka su tarar da ciyawa a kanmu, su ce mun koma baya? Ki ji tausayin sunan dajin nan mana, 'yar'uwa."

Hajiya Gara ta share baki ta ce, "Ai ita ma ciyawar ba a tabbatar da ingancinta ba. Amma ki kawo ta ofis, za mu duba miki da gaggawa."

"Ranki ya daɗe, in na kawo, me zai dawo?"

"Sakamako," in ji Gara.

Farfesa ta ƙara da cewa, cikin tausasawa, "Ki fahimta, baiwar Allah. Ɗakinki yana cikin ayyukan da ke gudana, kuma da yawansu muke auna bunƙasar harkar gini. Ranar da kika rufa shi, mun yi asarar aiki guda. Ke ma fa kina cikin masu ɗaga tattalin arzikin nan."

Tabawa ba ta taɓa sanin tana da wannan matsayi ba. Ta yi godiya, domin an koya mata ladabi, ta koma gida.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska. Ta tattara 'ya'yanta a ƙarƙashin cikinta, ta dunƙule a tsakar ɗaki, ƙayoyinta na kallon sama, tana jin katangar da ta yi rani tana ɗorawa na narkewa tana bin rariya. Da gari ya washe, babu linta, babu abin da ke ƙarƙashinta.

Da labari ya kai majalisa, Farfesa Mujiya ta bayyana shi a matsayin alama mai ƙarfafa gwiwa, tana mai cewa buƙatar laka za ta ƙaru ƙwarai a baɗi.

A wannan karon, hasashenta ya yi daidai.