Mota Ba Kujerar Baya

"...lafiya lau, sai dai ban ga mai garejin ba, ƙafafu kawai nake gani. Kai ne a ƙarƙashin nan, ko wani ka take?"

Maharazu ya jawo jiki daga ƙarƙashin motar, baƙin mai har goshi. Luba ce, taubashiyarsa, 'yar Gwaggonsa, tsaye a bakin garejin da ya kama haya a Barking, ta ɗora ƙatuwar kwat a kan fararen kayanta na nas. Shekarun nan ne da arzikin fetur ya sa kowane ɗalibi a London yake tura sabuwar mota gida a jirgin ruwa. Shi kuwa gogan naka, da yake kansa ba ya bin hanyar da na mutane ke bi, sai ya sayi tsohuwar Cortina ya cusa mata injin wata ƙatuwar mota, wai zai shiga tseren da Turawa ke yi a wani tsohon filin jirgin sama. Mota biyu ake jerawa a miƙaƙƙiyar hanya, kwatan mil, wanda ya riga kaiwa shi ya ci.

"Baiwata, sannu da zuwa. Ga tsintsiya can."

"Baiwar wa? Ubangidan da ko wurin zaman baƙo ba shi da shi?"

"Ki bar wasa, kaina ya kulle. Class, wato rukunin tsere, zan zaɓa kafin Asabar, kuma wallahi na rasa inda motar nan ta faɗa."

"Ai na ga inda ta faɗa. Hannunka."

Ya goge hannu a wando, ya shiga bayani, shi kansa yana jin bayanin na zame masa. "Akwai rukunin motocin titi. Wannan sai da fitila, salansa, kujeru, komai a jikinta, yadda ɗan sanda ba zai tare ka ba. Sai na biyu, inda ake canja inji. A'a, tsaya, a na farkon ma ana canjawa, amma ba sosai ba. Ko sosai ne? To, sai na uku, wanda ake yanke jikin motar gaba ɗaya. Kuma duk sai sun auna nauyinta sun gwada da girman injin."

"Kai kana wanne?"

"Nan fa ake yin ta. Maƙwabcina bakanike ya ce nauyi ne abokin gabar gudu, sai na hau cirewa. Bamba, kafet, salansa, duk na fitar. Jiya wani daga ƙungiyar tseren ya leƙo, ya ce na fita daga rukunin titi. Na ce madalla, na ƙara girma. Ya ce a na gaba kuwa, da wannan injin, kafin in sa giya ta biyu abokin karawata ya sha shayi ya koma gida."

"Wato ka bar gidan ƙasa, bene kuma ya ƙi ka. Shekara nawa gwamnati ta yi tana koya maka injiniya?"

"Ke da aka koya wa allura, har yau Kawunki yana ɗingishi daga wadda kika yi masa."

"Kawu da ɗingishinsa na same shi. Yanzu mene ne abin yi?"

"Ko in mayar da duk abin da na cire, in yi tsere da motocin cefane. Ko in yanke bayanta, in ɗaura bututun ƙarfe a ciki, in shiga cikin manya. Sai dai in na yanke, ta bar hawa titi ke nan har abada, a tirela za a riƙa kai ta. Ni dai zuciyata ta fi son yankan."

Luba ta leƙa ta tagar baya. Ba komai a ciki sai tsirarar ƙarfe da wayoyi. Ta ɗago a hankali, dariyar ta bar fuskarta.

"Maharazu, abin da ya kawo ni ke nan. Inna tana tafe ƙarshen wata, na yi booking ɗin aikin idonta. Ka san gwiwarta, ba za ta iya matakalar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba. Kuma in an ɗaure idon, dole ta miƙe ƙafa a baya ina riƙe da ita."

Sai a lokacin ya tuna. Shi da bakinsa ya ce zai ɗauko ta daga filin jirgi, ya kai ta asibiti, ya dawo da ita. Lissafin nauyi da inji ya cinye masa kai har ya manta.

"Ai akwai taksi," ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Akwai. Amma babu gidan da ba ta shiga ba a Yakasai ta ce ɗanta zai ɗauke ta a motarsa, motar da ya haɗa da hannunsa. Matar da ta goya ka tun ranar da mahaifiyarka ta rasu, har ni ana sauke ni a ɗora ka. Sai ka je ka gaya mata ka yanke wurin zamanta."

Kunya ta kama shi. Ya dubi motar, ya dubi tulin kayan da ya cire a gefe.

"To wai a duk rukunan nan naka," in ji Luba, "wanne ne ake barin mota da wurin zaman tsohuwa?"

"Na titi."

"Wanda ka raina."

"Shi. Sai dai akwai matsala." Ya sosa ƙeya. "Kujerar bayan ba ta nan."

"Ka jefar?"

"Ban jefar ba. Kyauta na yi da ita."

"Wa ka ba?"

Ya ɗaga kai yana kallon rufin gareji.

"Maharazu, wa ka ba?"

"Kin tuna doguwar kujerar da na kawo miki flat, na ɗora ta a kan katako?"

"Wadda ka ce yayin Italiya ce?"

"Ita."

Luba ta dafa ƙirji. "Innalillahi. A kanta na zaunar da Sista Rhoda. A kanta Dokta Dalyop ya sha shayi yana yaba ɗinkin. Na shimfiɗa mata atamfata mafi kyau. Shi ya sa in na kunna hita ɗakin yake warin fetur, ina ta zagin mai gidan haya."

"Ai kin ji daɗinta. Ke da kika saba zaman tabarma."

"Ɓarawon zaune, mai ba da kyautar juji."

"Na ji. Ki taimaka ki dawo min da ita."

"Kai, ina aka taɓa yi? Ubangida guda ya yi wa baiwarsa kyauta ya dawo yana roƙo? Bari Inna ta sauka, da wannan zan tare ta."

"Luba, don Allah."

"Sake faɗa, ban ji ba. Ƙarar injin nan ta toshe min kunne."

"Don Allah, ranki ya daɗe."

"Kuma wane class?"

Ya ja dogon numfashi, ya shafa bayan motar da ya yi niyyar yankewa. "Na titi. Salansa ma zan mayar, kar ƙara ta firgita ta. In na zo na ƙarshe a tseren, na zo. Gwaggo dai ba za ta sauka London ta nemi motar ɗanta ta rasa ba."

Luba ta tsaya tana kallonsa, sai dariya ta ƙwace mata, har da ƙwalla, ta sa bakin kwat ta share. Ta zaro mabuɗin flat daga aljihu ta jefa masa.

"Je ka ɗauko, na bar maka. Amma a ka za ka ɗauko ta, a jirgin District line, ni kuma ina bayanka ina gaya wa Turawa injiniya ne."